Keke Mai Ɗigon Jan Farce

Da gudu maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu ta faɗo ɗakina, mayafi a hannu.

"Tashi, tashi! Ciyaman zai raba kekunan ɗinki a ofishin jam'iyya!"

"Kuma dai?" na ce, amma kafin in rufe baki na zura takalmi.

Ni tela ce marar keke. Na wata nake ara a shagonta idan ta fita cin abinci, in yi ɗinkina a gurguje kamar mai sata. A zaɓen da ya wuce, Ciyaman, shugaban jam'iyya na mazaɓarmu, ya zaunar da ni gaban sabon keke, aka ɗauke ni hoto ina washe haƙora. Baƙi na tafiya aka loda kekunan a mota, wai za a je a yi musu rajista. Har yau ana rajistar. Abin da bai sani ba, ran nan don ɗoki na ɗiga jan farcena a ƙarƙashin teburin keken, kada a musanya mini.

A hanya na leƙa rumfar maigidana mai walda. "Ja injinka ka kai ƙofar ɗakinmu, ka jira ni," na ce masa.

"Lafiya?"

"Lafiya ƙalau, kai dai ja!"

Ofishin ya cika maƙil. An kafa rumfa, lasifika na kuwwa, an zuba ƙasa an rufe kwatar da ke bakin ƙofa don kada wari ya kai wa babbar baƙuwa daga hedikwata. Ga kekuna a jere sai sheƙi suke. Na bi layi ina leƙa ƙasan kowane tebur kamar mai neman ɗan kunne. Can ƙarshe na gan shi, ɗigon nan ja. Kekena!

Na zauna daram. Aka yi jawabi, aka yi tafi, mai hoto ya haska mu. Yana sauke kyamara na ce, "Maman 'Yan Biyu, kama can!" Muka cicciɓi keken.

Ciyaman ya sha gabanmu yana murmushin dole. "Baiwar Allah, ai saura rajista."

"An yi, ranka ya daɗe, tun wancan zaɓen. Ga ma hatimina!" Na karkata teburin na nuna ɗigon.

Baƙuwar ta ɗauka raha ce, ta tuntsire da dariya tana tafi. "Ku bar su su kai gida mana, Ciyaman!"

Shi ke nan fa! Mata suka yi caa a kan kekuna, kowacce da mai kama mata. Muka cika lungu da shewa, masu shago suna fitowa kallo. Na waiwaya na ga Ciyaman yana tafi shi ma, fuskar nan kamar an aiko masa da mutuwa. Muna isa maigida ya liƙe ƙafafun keken da ƙarfen taga, tartsatsi na tashi ina rawa.

Da la'asar sai ga Ciyaman a ƙafa, shi kaɗai, gumi ya jiƙa hula. Ya daɗe yana kallon waldar.

"Kekunan nan hayarsu na yi a kasuwa," ya ce a hankali. "Babur ɗina na ajiye jingina. Hedikwata tuta kawai suke aiko mini, su ce in tara jama'a."

Na san gidansa, a bayan kwatar nan yake, shi ma da damina kwano yake tarawa a ɗaki saboda yoyo. Ya ba ni tausayi, har ga Allah. Na sa masa kujera, na kawo masa ruwa. Amma da na koma kan kekena, ban ɗauke ƙafata daga kan feda ba.

Yanzu kullum da safe a ƙafa yake tafiya ofis, ya tattare riga ya tsallake kwatar da muke tsallakewa. In ya zo daidai tagata na kan gaishe shi da ladabi, sannan in ƙara wa keken wuta.