Babin Neman Gafara

"Ita ta ce in zo? Da bakinta?"

"Da bakinta, Yaya," na ce a waya. Ƙarya na yi.

Malama maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin tana koyar da adabi, kuma duk shekara sai ta kai ɗalibanta babin wani littafi inda yarinyar labarin take komawa ta durƙusa gaban ƙawar da ta ci amanarta. A nan take cire tabarau, ta ce, "Kun ga inda ta zama mutum." Na sha kuka a ajin nan. Saboda babin nan ni ma na zama malama.

'Yarta tilo kuwa, wadda nake kira Yaya, tun da ta gama makaranta ba ta sake taka gidan ba. Malama ce ta tsinci wasiƙar soyayyar da ta rubuta, ta karanta a gaban aji, tana gyara kurakuran da jan biro, ana ta dariya.

Da ciwo ya kwantar da Malama, na sa a raina idan suka haɗa ido, abin da ke cikin littafin zai faru.

Yaya ta iso da hantsi, jaka a kafaɗa. Ɗakin yana warin man zafi. Ta zauna a bakin gado, ta kama busasshen hannun uwarta.

"Mama, ga ni. Na yafe miki."

Malama ta dube ta sama da ƙasa. "Kin yi ƙiba. Kin yafe mini me?"

"Wasiƙar, Mama."

"Kuskure tara ne a cikinta. So kika yi in bari ki aika ta haka?" Ta juya fuska bango, ta ce da ni, "Ke, rage fankar nan."

Na rage. Na tsaya ina jira, kamar yadda nake jira a aji. Ko kalma ba ta ƙara ba har ta cika da la'asar.

Na tarar da Yaya a tsakar gida tana kwashe shanya.

"Yaya, ba ta ce ki zo ba. Ni na ƙirƙira."

"Na gane tun da ta buɗe baki." Ta haɗa bakin zanin gadon, ta ninke shi huɗu, ta shafe shi da tafin hannu. "Zan tsaya a binne ta. Bayan nan ki goge lambata."