Saura Kunya Huɗu

Tun kafin Bibata ta kashe motonta mai ƙafa biyu a bakin wata gona a garin Bengou ta hango tsibin wake an tuge, saiwoyi a sama, rana tana gasa su.

"Baba Yunusa! Me nake gani haka?"

Tsohon ya ɗago, gumi sharkaf. "Aiki, 'yata. Saura kunya huɗu in gama."

Bibata malamar gona ce daga Gaya. Damina uku tana lallashin mutanen garin nan su shuka wake a tsakanin gero, ko ƙasarsu da ta gaji ta farfaɗo. Mutum ɗaya tal ya yarda, jibi kuma manoma za su zo ganin gonarsa. Yau ga shi yana tuge waken da hannunsa!

Ya miƙo mata saiwa. "Dubi ƙurajen nan. Na fasa ɗaya, ja wur kamar jini. Kafin su harbi gerona, gara in raba su da gonar."

"Wayyo Baba, jan nan ai shi ne lafiyar! Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne a ciki, suna da wani sinadari, nitrojenaz, mai kamo taki daga iska. Ba ya jure sarari, shi ya sa wake ya gina masa ɗaki ya rufe. Takin Allah ne, kyauta! Wa ya ce maka ciwo ne?"

"Ke mana."

"Ni?"

"A ƙofar maigari, ranar taro. Da bakinki kika ce saiwar wake cike take da ƙwayoyin cuta. Kunnena bai tsufa ba."

Haka ta faɗa kuwa. Da Faransanci ta yi karatun, da ta zo juya shi Hausa kalmar da ta samu ke nan, ta asibiti. Ta so ta yi faɗa, amma da wa?

Ta durƙusa ta shafa ganyen da ya rage. "Don Allah Baba, a bar huɗun nan."

"To idan ba cuta ba ne, mene ne sunansu?"

Shekara biyar tana karatu a Yamai, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya.

Tsohon ya saɓa hauyarsa. "Ki nemo musu suna kafin jibi, 'yata. Wanda aka kira ɓarawo, ba mai ba shi masauki."