Yashin Challawa

Muntari yana tsugune a rumfar Ɗahiru mai facin keke, a bakin titin Bompai, yana jujjuya wani ɗan akwatin ƙarfe mai igiyar lantarki.

"Wannan shi ne hancinsu," in ji shi. "Shi ke hura musu iska cikin ruwa."

"To, gidanka na Dakata akwai lantarki?"

"Babu."

"Ashe hancin ya toshe," in ji Ɗahiru.

Gadi Muntari yake yi a wata masana'antar man gyaɗa. Baturen da ke kula da injuna ya tashi komawa ƙasarsu bayan samun mulkin kai, ya bar masa akwatin gilashi da jajayen kifi biyu, masu jela kamar mayafi. Shekara huɗu Muntari yana leƙensu ta tagar ofis. Shi ɗan masunta ne daga bakin kogin Challawa, amma tun da ya kama gadi, ruwan famfo kaɗai yake gani.

Kwanansu biyu a gidansa, yau da safe ya same su a saman ruwa suna buɗe baki. Ya san alamar. Haka kifin kududdufi yake yi idan ruwa ya kusa ƙafewa.

Ɗahiru ya jawo tsohon tif ɗin tayar mota, ya cika shi da famfon keke, ya haɗa masa siririyar roba, ya shaƙe bakinta da zare. Da ya tsoma ta a bokiti, sai ga kumfa tana fita ɗaya-ɗaya.

"Zai kai awa biyu. Daga nan sai a sake bugawa."

"Ni kuwa sai magariba nake tashi."

"Sai ka roƙi uwargida. Allah ya ba ka sa'a."

A gida Muntari ya kwashe shuɗayen tsakuwoyin Bature daga gindin gilashin. Bai taɓa ganin kogi mai shuɗin ƙasa ba. Tun farko Ɗahiru ya ce masa ya ɗebi yashin gini a masana'anta, ya ƙi, don akwai siminti a ciki. Sai jiya Lahadi ya tuƙa keke har bayan Panshekara, ya shiga ruwa zuwa gwiwa, ya cika buhu da yashi mai tsakuwa daga inda ruwa ke gudu. Shi ya wanke yanzu har sau bakwai, ya shimfiɗa, ya mayar da kifin, ya tsoma robar.

"Hauwa, in kumfar ta tsaya, ki ɗan buga famfon nan."

Matarsa ba ta ɗago daga turmi ba. "Malam, kifin da ba a miya da shi zan zauna ina yi wa fifita? Ga tunkuza tana jirana. Da tarwaɗa Baturen ya ba ku, da na gode masa."

Ya tafi aiki. Ya buɗe wa motocin gyaɗa ƙofa, ya rufe. Da aka busa ƙahon azahar ya san tif ya daɗe da sacewa. Ya tsaya yana kallon kwatar da ke fita daga masana'anta, mai yana yawo a samanta, yana tuna yadda ubansa kan sa kunne a jikin goransa na kamun kifi ya ce yana jin kifi suna hira. A hanyar gida ya yanke shawara: a gindin zogale zai binne su.

Ya jingina keke a soro, sai ya ji ƙara. Fuu, fuu.

Hauwa tana zaune a tabarma gaban gilashin, ta danne famfon da ƙafa tana bugawa a hankali. Kaskon ƙuli-ƙuli yana kife, ko wuta ba a hura ba. Kifin biyu suna can ƙasa suna tonon yashi da baki. A cinyarta akwai 'yar katantanwa jiƙaƙƙiya da ta tsinto a cikin yashin.

Ba ta waiwayo ba. "A ina kuka ɗebo yashin nan?"

"Mashayar gindin marke."

"Na sani. Da shi Inna take goge mana ƙwarya." Rabonta da garinsu na bakin kogin tun rasuwar Innar. "Marken yana nan?"

"Yana nan. Ya karkata kaɗan."

Ya miƙa hannu zai karɓi famfon, ta janye.

"Bari. Ku da ƙarfi kuke bugawa, kuna tsorata su."