Jirgin Auta na Ranar Talata

Tun da Auta ya zama matuƙin jirgin sama, unguwarmu ta manta Umma tana da wani ɗa. Uwar Kyaftin ake ce mata yanzu, ita kuma har gyara mayafi take yi in an kira ta haka. Hotonsa da farar riga da hula yana saman talabijin. Nawa yana bayan kwaba, ƙusarsa ce ta fita, har yau ba a samu mai mayarwa ba.

Filin jirgi ɗaya muke aiki da shi. Ni ke tuƙa tankar mai, in ja tiyo in ɗura wa jirage. In na dawo gida sai Umma ta ce in tuɓe kayan aiki a waje, warin kananzir yana sa mata ciwon kai. Shi kuwa tun daga bakin ƙofa take jin turarensa ta fara sa albarka. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ni fa na goyi yaron nan, ni na share masa majina.

Amma akwai abin da na sani wanda Umma ba ta sani ba. Duk ranar Talata jirgin Auta wayam yake tashi. Kamfaninsu yana da gurbin sauka a wani babban filin jirgi, in suka daina amfani da shi za a ƙwace a ba wasu. Don haka ko ba fasinja ko ɗaya sai an tashi, a je a taɓa ƙasa a juyo. Man da ake ƙonawa a tafiyar nan, da na girki ne, da unguwarmu ta huta har baɗi. Umma kuwa mace ce da in ka bar fitila a kunne a banɗaki sai ka sha wa'azi a kan almubazzaranci.

Sai na ce mata ta zo ta ga ɗanta a bakin aiki. Ta ci ado, na zaunar da ita a kantin ma'aikata, jikin tagar da ke kallon jirage, na saya mata shayi na sauka. Ban taɓa ɗura mai cikin nishaɗi irin na ranar ba. Auta da abokin tuƙinsa suka hau, aka janye matakala, aka rufe ƙofa. Jirgi ya tashi ya bar mana ƙara da hayaƙi.

Da na hawo, na tarar ko taɓa shayin ba ta yi ba. Ta tambaye ni ina mutanen da zai ɗauka. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da ɗan gishiri. Na ga fuskarta ta canza, na ce a raina yau dai an zo wurin.

"Wannan ɓarna har ina?" in ji ta. "Allah ba ya son haka."

"Wallahi kuwa, Umma."

Sai ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ba kai na gani riƙe da tiyon ba?"

Na ce ai aikina ne, umarni ake ba ni, in na ƙi a kore ni.

"Shi yaro ne, abin da aka sa shi yake yi," ta ce. "Kai babba da hankalinka, ka san ba kowa a ciki, ka cika masa mai ka tura mini shi sama haka kawai?"

Ta mayar da idonta kan taga, ta ce in koma bakin aikina, ita nan za ta zauna sai ta ga ya sauko lafiya.