Ido Dubu Ɗaya da Tara

Tunda Abdulmuttalib ya fara koyar da lissafi a Gaya, gidansu na Balan bai sake hutawa ba. Ko tuwo ake ci sai ya sako zancen wata lamba da ya gani a waya, wai tsawonta ya haura harufa miliyan arba'in, kuma ba ta rabuwa sai da kanta ko da ɗaya. Juwairiyya, matar yayansa, takan taɓe baki ta ci gaba da ɗinkin hularta. Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai iya mayarwa ba!

Shi ne ya yanko yadi da kansa ya kawo mata, wai yana son zane ya zagaye hular ba tare da an ga mahaɗa ba. Ta ɗora zane mai cin ido goma sha biyu na saƙar yadin, ta zagayo, ido ɗaya ya rage. Ta warware. Ta gwada mai takwas, haka. Ranar da take warwarewa karo na biyu, Hanne tana zaune a tsakar gida, ita ce mai raba wa mata aikin hula ta kai kasuwar Ajingi.

"Matar Yaya, karatunki na aji huɗu fa ba ya ƙirga," in ji Abdulmuttalib yana dariya. "Baba Hanne, ki nemi wata."

Hanne ba ta yi dariya ba. "Sati uku kan hula ɗaya, Juwairiyya? Jibi zan raba aiki. In idonki ya fara gazawa, gaya mini."

Juwairiyya ta ɗauko ƙwaryar gyaɗa. Duk ido ɗaya a jikin yadin, ƙwaya ɗaya a tabarma. Dubu ɗaya da tara. Washegari ta wuni tana kasa su uku-uku, bakwai-bakwai, sha uku-sha uku, har talatin da ɗaya. Ko sau ɗaya ba su tashi daidai ba.

Ranar rabon aiki ta tura tabarmar gaban Abdulmuttalib.

"Malam mai miliyan arba'in, bismilla. Raba mini."

Ya latsa waya, ya sake latsawa. Sai ya hau gyaran murya. "Ai wannan... tana cikin lambobin da nake faɗa."

"Au, 'yar gidanku ce? Da almakashinka ka yanko ta, ka ɗauko ta a aljihu tun daga Gaya, ba ku gane juna ba?"

Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jefa a baki ta tauna. Sauran ta ja su gida ashirin da takwas, kowane talatin da shida, cif. Sannan ta kalmashe ido ɗaya cikin mahaɗar yadin ta soka allura.

Hanne ta kwance ƙullinta, ta ajiye mata yadi biyar.

"Baba Hanne," in ji Juwairiyya ba ta ko ɗago ba, "waɗannan dai ba malami ne ya yanka su ba ko?"