Injin da Ke Ƙarƙashin Taga

"Ka jira sai na ɗaga hannu tukuna," in ji Direba. "Wancan makon ka yi gaggawa, ko gaisuwarta ban ji ba."

Mai Walda yana tsugune a waje, ƙarƙashin tagar ɗakin tsohon Direban, riƙe da injin yankan ƙarfe, ya taka guntun rodi da ƙafa. Ta tagar yana hango shi zaune a kujerar nan mai hannu, an tallafe masa baya da matashi biyu. Ya sa rigarsa ta fita, har da hula, sai ka ce ganinsa za a yi, alhali muryarsa kawai za a ji.

Wayar ta yi ƙara a kan cinyarsa. Ya ja numfashi, ya gyara zama, ya ɗauka.

"Auta! Yaya karatu?"

Muryar yarinyar ta cika ɗakin, don tsohon kunnensa ya yi nauyi, kullum a buɗe yake sa wayar. Ta ce lafiya lau. Ta ce ta kusa kammala aikin ƙarshen, malaminta ya duba ya ce saura gyara kaɗan. Wai ta gano abin da ya sa mutane suke daina sayayya a shagunan kamfanin da aka ba ta bayanansa, kuma ba tsada ba ce kamar yadda masu kamfanin suka zata, dogon layi ne a wurin biya.

"Ashe! To ai ko ni na san—"

Maganar ta maƙale. Ƙirjinsa ya fara wannan kukan kamar ana jan buhu a kan siminti. Ya ɗaga hannu. Mai Walda ya danna injin a kan rodin, ƙara ta tashi, tartsatsi ya watsu a jikin bango. Tsohon ya kifa wayar a cinya ya yi tarinsa har ya gama, ya goge baki da tsumma, sannan ya sauke hannun.

"Baba, wai ina kake ne haka?"

"Shagon kawunki. Kin san halinsa, shi bai huta ba, bai bar kowa ya huta ba."

Ta yi dariya ta ce a gaishe shi. Mai Walda ya tofar da yawu gefe.

Ba kawunta ba ne na jini. Katanga ɗaya ce tsakanin shagonsa da ɗakin ubanta, kuma tun tana rarrafe take kiransa da haka. Shi kansa ba shi da kowa a unguwar. Matarsa ta daɗe da tafiya, ta ce ba za ta iya zama da mutumin da ba ya buɗe baki sai zai yi faɗa ba. Shi kuwa Direba, tun da ya ajiye tuƙin babbar motar fasinja, matarsa ta rasu, manyan 'ya'yansa biyu suka bi ta tun da ƙuruciya, sai ya rage daga shi sai Auta. Da ita ma ta tafi jami'a a wani gari mai nisa, sai ya rage daga shi sai kujerarsa, sai maƙwabcin da suke zagin juna ta taga.

Karatun nata kuwa, Direba ya haddace shi kamar yadda ya haddace tashoshin hanyarsa. Zai ƙirga maka da yatsu: shekarar farko lissafi da harkar kasuwanci, ta biyu ƙididdiga, ta uku yadda ake sa kwamfuta ta tace bayanai, ta huɗu kuma a ba ka bayanan wani kamfani na gaske ka warware musu matsala, ka tsaya gaban malamai ka kare abin da ka yi. Wanda ya yi kyau a wannan tsayuwar, kuma makinsa na baya bai faɗi ba, sai ya zarce digiri na biyu kai tsaye, har a lissafa masa wasu darussan da ya riga ya yi, a rage masa shekara guda.

"Wato dai duba ne na 'yan boko," Mai Walda yakan ce. "A kalli lambobi a faɗi abin da kasuwa za ta yi gobe."

"Kai da ka ƙona idonka da wuta, me za ka gane?"

Da aka ajiye wayar ranar nan, Mai Walda ya naɗe wayar injin, ya zagaya ya shiga ɗakin. Warin magani ya cika ko'ina. Kwanon abincin da ya kawo da safe yana nan a kan tebur, ƙuda na yawo a bakinsa. Ya ɗauki tsumman da tsohon ya ɓoye a ƙarƙashin cinya, ya buɗe, ya ga jan da ke ciki, ya wurga masa.

"Wannan wasan ya ishe ni. Likita ya ce a mayar da kai gida, ka san abin da hakan ke nufi, ni ma na sani. Ka kira yarinyar nan."

"Sai ta tsaya gaban malamanta."

"In kai ba ka kai ba fa?"

"To ban kai ba ke nan." Direba ya lumshe ido. "Kai maƙeri, saurara. Ni na yi rayuwata a bakin sitiyari. In lokacin tashi ya yi, tashi nake. Na bar mai ciki a tasha, na bar ɗan sanda, na bar surukina. Haka dokar take. Ita ma makarantar haka take, har ta fi tsanani. Rana ɗaya suka sa mata. In ba ta tsaya ba, wani ya hau kujerar. Shekara huɗu ta tafi a banza saboda tsohon da ko ta zo ba zai tashi ba?"

"Wa ya gaya maka haka dokarsu take?"

"Sai an gaya mini? Ka taɓa ganin hukuma ta jira talaka?"

Mai Walda bai taɓa gani ba. Aji uku ya yi a firamare, kuma abin da ya tuna na makaranta shi ne in ka makara an rufe ƙofa, sai ka tsaya a rana. Ya ɗauki kwanon ya fita yana ƙunƙuni.

Daga nan jiki ya ci gaba da lalacewa. Ƙafafu suka kumbura har silifa ta daina shiga. Mai Walda ne ke ɗaga shi, shi ke kai shi bayan gida, shi ke shafa masa man zafi a baya da hannuwan nan masu kanta, tsohon yana cewa, "A hankali, ba ƙofar gareji ba ce." Aikin shago ya tsaya. Wata mata ta zo neman tagoginta har sau uku, a na ƙarshe ya ce mata in tana sauri ta ɗauki ƙarfen ta haɗa da kanta.

A kiran ƙarshen mako na gaba, injin ya fi tsohon magana. Da ya ce kalma biyu sai hannu ya tashi. Daga can Auta ta ce, "Baba, na bar ka, hayaniya ta yi yawa. Ka yi mini addu'a."

"Kullum," in ji shi. Ita ce kalmar da ya iya fitarwa.

Ana saura kwana kaɗan ta tsaya gaban malaman, Mai Walda ya shigo da rana ya tarar da shi ya zame daga kujera, kansa ya jingina da ƙafar gado. Ya ɗaga shi, sai ya ji ba shi da nauyi, kamar ya ɗauki bututun da babu komai a ciki. Ya kwantar da shi, ya ɗauki wayar daga tebur, ya fara neman sunan yarinyar da babban yatsa.

Hannun tsohon ya kama wuyan hannunsa. Babu ƙarfi a riƙon, ko jariri zai iya fizgewa.

"Amana," in ji Direba.

"Ban karɓa ba."

"Ka karɓa tun ranar da ka kunna injin."

Mai Walda ya daɗe yana kallon sunan a fuskar wayar, har hasken ya mutu da kansa. Ya ajiye ta. Ya fita bakin shago ya zauna a kan tsohuwar taya, ya zagi wani mai babur da bai yi masa komai ba.

Ranar da aka sa mata, tsohon ya farka da ɗan sauƙi. Ya ce a sa masa rigar fita. Ya ce a zaunar da shi a kujera, a juya ta wajen taga. A waje masu kai yara makaranta suna wucewa, mai shagon tsallaken titi yana ɗage ƙofarsa.

"Yanzu ta shiga, ko?"

"Ina na sani? Ina can ne?"

"Ta shiga. Ba ta makara. Ni na koya mata."

Mai Walda ya je shago ya dafa ruwan shayi. Da ya dawo da kofin, hular ta zame ta rufe wa tsohon ido ɗaya, hannunsa yana kan wayar. Ya kira sunansa. Ya sake kira, da zagi a ciki. Sannan ya ajiye kofin a ƙasa, ya gyara masa hular, ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta.

Mutanen da suka raka shi makabarta ba su da yawa. Tsofaffin abokan tuƙinsa duk sun riga shi, waɗanda suka rage ba a san inda suke ba. Suna dawowa, da yamma, wayar ta yi ƙara a aljihun Mai Walda.

"Baba! Na ci! Sun ce in zarce, Baba, ko tambaya ɗaya ba ta kayar da ni ba!"

"Auta," ya ce. "Kawunki ne."

Bai ƙara komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya ji numfashinta, ya ji 'yan mata suna ta shewa a bayanta, sannan layin ya yanke.

Washegari da la'asar ta iso, da ƙaramar jaka a kafaɗa da takalmin da ta tsaya gaban malamai da shi. Ta zauna a bakin gado. Matan maƙwabta suka yi gaisuwa suka watse. Ya rage daga ita sai shi, yana tsaye a bakin ƙofa kamar wanda aka kira ofis.

Bai iya kwana-kwana ba, don haka ya faɗa mata komai: likitan, tsumman, injin, da abin da uban ya ce game da rana ɗaya da kujera ɗaya.

Ta ɗago ta dube shi. "Kawu, ana ɗagawa."

"Ana me?"

"Ranar. In mahaifinka ba shi da lafiya, sai ka gaya wa shugaban sashe, a mayar maka wani mako. Wata a ajinmu an yi mata, mahaifiyarta ce ta karye. Ba abin da ake rage maka. Digiri na biyun ma ana iya ajiye maka gurbi har shekara."

Mai Walda ya ji kamar tartsatsi ya faɗa masa cikin riga. Ya buɗe baki zai ce ai ba su sani ba, sai ya ga ba magana ba ce. Ya kalli kujerar. Da tsohon yana ciki, da ya sha zagin da bai taɓa sha ba.

"Ni ne da laifi," ya ce. "Wayar tana hannuna."

Ta girgiza kai. "Ba ka buɗe shago a ƙarshen mako, Kawu. Tun ina yarinya ba ka buɗewa. Kuma injin ba ya tashi sai Baba yana tsakiyar magana. Abin da aka koya mini ke nan shekara huɗu, in lura da abin da yake maimaita kansa. Na lura." Ta murza madaurin jakarta. "Na ce in na tambaya za a gaya mini, in aka gaya mini ba zan iya ƙarasa aikin ba. Sai ban tambaya ba."

A tsallaken titi wani yana gwada hon ɗin mota.

Ta yi mako guda tana tattara kayan ɗakin. Rigunan ta ba da, gadon ta ce mai gidan ya ɗauke. Kujerar ta ce ta Mai Walda ce, ya ce ba shi da wurin ajiye ta, ta ce to ya nemo. Ya tambaye ta ko za ta zarce ɗin, ta ce za ta zarce, in ba haka ba me aka yi ke nan.

Ranar da za ta koma, yana zaune a kan tayar nan a bakin shagon da ke rufe, sai ya ji muryarta ta taga.

"Kawu, injin nan yana kusa?"

"Yana ciki. Me za a yanka?"

"Ba komai. Ka ɗan kunna mini."

Ya so ya ce wuta ba ta banza ba ce, ya haɗiye. Ya buɗe shago ya ɗauko, ya ja wayar injin zuwa ƙarƙashin tagar, ya nemo guntun rodin nan da ya sha yanka har ya kusa ƙarewa, ya taka shi da ƙafa. Ta tagar ya hango ta a kujerar, a ɗakin da babu komai sai ita, jakarta a cinya, idonta a rufe.

Ya tsuguna yana jira. Can sai ta ɗaga hannu.