Mama Tana Wanka

Tun watan Oktoba mutumin nan mai karanta hasashen yanayi a talabijin ya tsaya gaban taswirarsa, ya gyara kwat, ya ce hunturun bana mai sauƙi ne, dusar ƙanƙara ba za ta taka kara ta karya ba a garin Erie. Rhonda Pruitt ta yarda da shi. A kan maganarsa ta janye sunan 'ya'yanta daga gidan rainon da ke karɓar yara duk ranar da aka rufe makaranta saboda ƙanƙara, nan take wata uwa ta maye gurbin. To ga shi Fabrairu bai raba ba, an rufe makarantar har ta daina lissafi. Shi kuwa gogan yana nan da kwat ɗinsa yana murmushi, ko kunya babu.

Duk rufewa sai Rhonda ta yi fashin aiki a gidan kula da tsofaffi. Ranar Litinin Gail, shugabarsu, ta tsare ta a bakin ɗakin magani.

"Rhonda, ni ma uwa ce, na sani. Amma tsofaffin nan ba sa daina jin yunwa don ƙanƙara ta sauka. In kika sake fashi, ki yi zamanki a gida gaba ɗaya."

Da yammacin Laraba aka ce wata guguwar ƙanƙara na tahowa ta kan tafkin da ke gefen garin. Micah, autanta ɗan shekara biyar, ya sa kayan barcinsa a baibai, ya cusa cokali ƙarƙashin filo, ya kwashe ƙanƙarar firij ya zuba a masai, yadda yaran garin ke yi in suna roƙon a rufe makaranta.

"Tessa, ke ma juya naki mana! Za ki ɓata mana shiri!"

"Ƙyale ni, sarkin surutu," in ji yayarsa. Shekararta tara, kuma tana bayan ƙofa sa'ad da Rhonda ke ba ƙanwarta labarin Gail a waya.

Da safe saƙon makaranta ya shigo: yau babu karatu. Micah ya dinga tsalle a kan kujera yana cewa cokalinsa ne ya yi aiki. Rhonda ta zauna bakin gado da rigar aiki a jikinta, gajiya har cikin ƙashi. Ta kira maƙwabciyarta, ashe tana Florida wurin 'yarta tun Kirsimeti. Ta kira ƙanwarta, ƙanƙara ta binne motarta a ƙofar gida. Baban yaran bai ɗauka ba, dama ba ta sa rai ba.

"Mama, ki tafi," Tessa ta ce daga bakin ƙofa. "Ni zan kula da shi."

"Ke kuma wa zai kula da ke?"

"Haba Mama, ai na iya shafa man gyaɗa a burodi."

Rhonda ta so ta ce a'a. Wallahi ta so. Ta san in wani mai shisshigi ya kira hukuma, ba aiki kaɗai za ta rasa ba, har yaran za a iya ƙwace mata. Amma agogo bai tsaya jiranta ba. Ta durƙusa ta kama kafaɗun yarinyar.

"Kar ki kunna gas. Kar ki buɗe wa kowa, ko da Hendricks mai share hanya ne. In wani ya ƙwanƙwasa ya tambaye ni, ki ce Mama tana wanka. Me za ki ce?"

"Mama tana wanka."

Ita da ta taɓa hana yarinyar nan kallo don ta yi ƙarya a kan alewa, yau da bakinta take koya mata.

"Za mu fita mu yi jifa da ƙanƙara?" in ji Micah.

"Ba inda za ku."

"To meye amfanin rufe makarantar?" Ya fashe da kuka. Ba ta da ƙarfin rarrashi, ta ɗauki shebur ta fita.

Tana haƙo tayoyin motar daga cikin ƙanƙara, yatsunta sun sandare, sai ta ji ƙofa ta ɗan buɗe.

"Mama! In mutumin ya dawo anjima fa? In ya ce wankan ya yi tsawo, me zan ce masa?"

Rhonda ta tsaya da shebur a hannu.

"Rufe ƙofa, 'yar albarka. Sanyi na shiga."

Ta ji sakata ta faɗa. Ta shiga mota, ta daɗe tana laluben ramin makulli.